Darasi na Bakwai: Hukuncin Zafi a kan Canjin Sinadarai

Ka sani, ya kai mai karatu, Allah ya ƙara maka basira, babu wani canji da ke aukuwa ga sinadarai, tun daga cin wuta a murhu har zuwa narkewar abinci a cikin ɗan Adam, face zafi yana da hannu a ciki, ko dai ya fito daga abin da ya canja ya bazu ga abin da ke kewaye da shi, ko kuwa ya shiga cikinsa daga waje. A darussan da suka gabata mun ga yadda ƙwayoyin zarra ke rabuwa su sake haɗuwa bisa wani sabon tsari, muka kuma tabbatar da cewa nauyin kayan da aka fara da su daidai yake da nauyin abin da aka ƙare da shi. Yanzu sauran mas'aloli biyu. Ta farko ita ce sanin yawan zafin da ke fita ko shiga. Ta biyu kuwa, wadda ta fi zurfi, kuma ta daɗe tana wahal da masana, ita ce sanin dalilin da ya sa wani canji yake gudana da kansa, wani kuma ba ya gudana sai an tilasta shi. Fannin da ke amsa waɗannan shi ake kira tamodainamik, wato ilmin zafi da aiki.

Kafin mu shiga, wajibi ne a rarrabe tsakanin zafi da darajar zafi, domin rikita su shi ne tuntuɓen farko na kowane ɗalibi. Tartsatsin da ke tashi daga uwar maƙera ya fi tafasasshen ruwa daraja nesa ba kusa ba, amma yakan faɗa a hannun ɗan zuga ya mutu bai bar ko tabo ba, alhali ludayi guda na tafasasshen ruwa, wanda darajarsa ba ta wuce digiri 100 ba, yana iya saɓule fata. Daraja tana nuna tsananin motsin ƙwayoyin abu. Zafi kuwa adadi ne na makamashin da ya ƙaura daga abu mai daraja babba zuwa mai ƙarama, kuma tartsatsi ba shi da jikin da zai ɗauki mai yawa. Ana auna daraja da digiri, ana auna zafi da jul, jul 1,000 kuma shi ne kilojul ɗaya. Giram ɗaya na ruwa yana bukatar jul 4.18 kafin darajarsa ta ƙaru da digiri ɗaya. Saboda haka lita guda da aka ɗebo tana digiri 30 za ta ci kimanin kilojul 293 kafin ta tafasa, sa'an nan, abin mamaki, za ta ci waɗansu 2,260 kafin ta ƙone ƙaf ta zama tururi, ba tare da darajarta ta motsa daga 100 ba.

Ƙa'ida ta farko

Waɗanda suka fara ɗora zafin sinadarai a kan mizani su ne Antoine Lavoisier da Pierre Laplace, mutanen Faransa, a lokacin sanyin 1782 zuwa 1783. Sun ƙera wata tukunya mai ɗaki uku, ɗaya cikin ɗaya: a ɗakin tsakiya ake sa abin da za a gwada, na biyu a cika shi da ƙanƙara, na waje ma a cika shi da ƙanƙara don ya tsare zafin gari kada ya ɓata lissafi. Ruwan da ya narke daga ɗaki na biyu sai ya ɗiga a tara a auna, kuma tun da kowane giram na ƙanƙara yana shan adadi sananne kafin ya narke, wanda a ma'aunin yau jul 334 ne, nauyin ruwan nan ya zama shaidar yawan zafin. Sun ƙona gawayi a ciki, sun kuma sa wata 'yar dabba mai rai ta zauna sa'o'i tana numfashi, suka gwada zafin jikinta da iskar da take fitarwa, har suka yanke cewa numfashi wani nau'i ne na ƙuna mai tafiya sannu a hankali. Wannan magana tana nan daram: giram 180 na sukarin gulukos yana ba da kimanin kilojul 2,800, ko an ƙona shi a wuta ko jiki ne ya sarrafa shi.

Sai dai Lavoisier, duk da kaifin hankalinsa, ya ɗauki zafi a matsayin wani jiki mai gudana marar nauyi, har ya lissafa shi cikin asalan sinadarai a littafinsa na 1789. Wanda ya fara girgiza wannan ra'ayi shi ne Benjamin Thompson, da aka fi sani da Rumford, yayin da yake kula da huda bindigogin igwa a birnin Munik na Jamus. A 1798 ya ba da labarin yadda ya sa dawaki suna juya dakusasshen mahudi a cikin ƙarfen da aka nutsar a ruwa, ruwan ya tafasa cikin kimanin sa'a biyu da rabi ba tare da an hura wuta ba, zafin kuma bai nuna alamar ƙarewa ba muddin dawakin na tafiya. Abin da ba ya ƙarewa haka, in ji hujjarsa, ba zai zama jikin da aka ɓoye cikin ƙarfe ba. Lalle motsi ne ke komawa zafi. James Joule na Manchesta a Ingila ya zo a shekarun 1840 ya auna al'amarin da haƙuri mai ban sha'awa, inda ya rataya nauyi da igiya, yana sauka yana juya filafilai a cikin ruwa, shi kuwa yana duban ma'auni don ya kama ƙarin da bai kai digiri guda ba. Abin da ya samu, in an mayar da shi ma'aunin zamaninmu, shi ne cewa saukar nauyin kilo 427 tsawon mita ɗaya daidai take da zafin da zai ɗaga kilo ɗaya na ruwa da digiri ɗaya. Sunansa ne aka laƙaba wa ma'aunin jul.

Daga nan ƙa'ida ta farko ta tabbata, wadda ijma'in masana ya tsayu a kanta har yau: makamashi yana sauya kama, daga motsi zuwa zafi, daga zafi zuwa aiki, daga abin da ke cikin sinadari zuwa haske, amma jimlarsa ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Samarwa daga babu sifa ce ta Mahalicci. Abin da aka bar wa bawa shi ne juyawa da sarrafawa. Misalin wannan ƙa'ida kamar littafin amintaccen ɗan kasuwa ne, wanda duk kwabon da ya fita daga wani shafi sai an same shi ya shiga wani, in kuwa lissafi bai cika ba, to akwai shafin da ba a buɗe ba.

Masu ilmin sinadarai suna kiran zafin da canji ya fitar ko ya sha, idan an yi shi a buɗaɗɗen mazubi ƙarƙashin nauyin iskar duniya, canjin entalfi. Idan zafi ya fita ana rubuta adadin da alamar ɗebewa, domin kayan sun yi hasara. Idan ya shiga ana rubuta shi da alamar tarawa. A nan akwai wani kuskure da ya yaɗu har a bakin waɗansu masu koyarwa, wato cewa wai tsinka igiyar da ke ɗaure ƙwayoyin zarra shi ke sakin makamashi. Ba haka ba ne. Tsinkawa kullum cin makamashi take yi, ƙullawa ce ke bayarwa. Wuta tana da zafi ne domin ɗaurin da ke cikin hayaƙi da tururin da aka samar ya fi na itace da iskar oksijin ƙarfi, sai rarar da ke tsakani ta fito mu ji ta a jikinmu.

A 1840 Germain Hess, a ƙasar Rasha, ya bayyana wani hukunci da ya zama reshen wannan ƙa'ida, ko da yake ya riga ta fitowa: jimlar zafin canji ba ta dogara da hanyar da aka bi ba, sai dai da mafari da maƙura. Dubi gawayi. Giram 12 na tsantsar kabon, idan ya sami isasshiyar iska ya ƙone sarai ya zama kabon dayoksaid, yana ba da kilojul 393.5. Idan iska ta yi ƙaranci sai ya tsaya a rabin hanya ya zama kabon monoksaid, ya ba da 110.5 kaɗai, wannan iskar kuma in ta sami oksijin daga baya ta ƙone, kamar yadda ake gani a shuɗin harshen da ke rawa a kan garwashi, sai ta ba da 283. Tara 110.5 da 283 ka gani. Fa'idar hukuncin ga masana ita ce suna iya lissafa zafin matakin da ba ya aunuwa kai tsaye daga waɗanda ke aunuwa. Fa'idarsa gare ka kuwa ta fi wannan gaggawa: gawayin da aka hana iska yana zubar da fiye da kashi biyu cikin uku na zafinsa a banza, kuma abin da yake fitarwa guba ce marar launi marar wari, wadda ke kama jini ta hana shi ɗaukar oksijin. Kada ka yarda, don girman Allah, iyalinka su kwana da kaskon wuta ko janareto a rufaffen ɗaki, komai tsananin hunturu.

Ƙa'ida ta biyu

Ƙa'ida ta farko, duk da girmanta, makauniya ce game da alƙibla. Da a ce wata rana zafi zai taru daga iskar ɗaki ya shiga kofin shayin da ya huce ya sake tafasa shi, lissafinta ba zai ɓaci ba ko da jul ɗaya, amma babu mahalukin da ya taɓa ganin haka. Manyan masana biyu na ƙarni na 19, Julius Thomsen na Danmak da Marcellin Berthelot na Faransa, waɗanda suka ƙarar da shekaru suna auna zafin dubban canje-canje, sun zaci sun gano sirrin, suka ce canjin da ke gudana da kansa shi ne wanda ke fitar da zafi. Ƙiyasi ne mai kyau, kuma yana dacewa a mafi yawan lokuta, sai dai manomi yana iya rushe shi da bokiti guda. Zuba takin yuriya a ruwa ka dama da hannu, za ka ji ruwan ya yi sanyi ƙarara, domin kowane giram 60 yana shan kimanin kilojul 15 yayin narkewa, kuma ba wanda ya tilasta shi. Haka ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randa yake bin iska da kansa, kowane giram yana tafiya da kimanin jul 2,400 da ya ƙwace daga ruwan ciki, shi ya sa ruwan randa ke sanyi, sanyin kuma ya fi yawa lokacin da iska ta bushe fiye da tsakiyar damina. A kan wannan asasi ne Malam Muhammad Bah Abba, malamin makaranta a Jihar Jigawa, ya yaɗa a shekarun 1990 dabarar sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don adana kayan miya inda babu lantarki.

Ashe ke nan akwai wani abu bayan zafi da ke jan ragamar canji. Rudolf Clausius na Jamus ya bi sawunsa tun daga 1850, yana gini a kan nazarin da Sadi Carnot ya yi wa injin tururi a 1824, har a 1865 ya ba shi suna entirofi; Ludwig Boltzmann na Ostiriya kuma ya fassara haƙiƙarsa a 1877. Entirofi ma'auni ne na yawan hanyoyin da ƙwayoyin abu da makamashinsu za su iya rarrabuwa ba tare da zahirin abin ya canja ba. A cikin daskararren abu kowace ƙwaya tana tsare a gurbinta, hanyoyin kaɗan ne. A cikin ruwa-ruwa sun yawaita. A cikin iska kuwa sun wuce ƙidaya. Kuma tun da ƙwayoyin nan ba sa daina motsi da karo da juna, yanayin da ke da hanyoyi mafi yawa shi ne suke faɗawa ciki, ba don suna da nufi ba, sai don rinjayen adadi. Ƙa'ida ta biyu ta ce: duk canjin da ke gudana da kansa, idan aka haɗa entirofin abin da ya canja da na kewayensa, jimlar ƙaruwa take yi. Lura da sharaɗin haɗawa da kewaye, domin a nan ne kuskuren Thomsen da Berthelot yake, a nan ne kuma gaskiyarsu take. Zafin da canji ya fitar yana ƙara entirofin kewaye, shi ya sa fitar da zafi ke taimakon canji. Amma yuriya da ta narke ta bazu cikin ruwa ta sami ƙarin da ya rinjayi abin da kewaye ya rasa.

Wanda ya haɗa waɗannan biyu a mizani guda shi ne Josiah Willard Gibbs, malami a jami'ar Yale ta Amurka, mutum mai kawaici, wanda ya buga aikinsa tsakanin 1875 da 1878 a wata mujallar da masu karanta ta ba su da yawa, har sai da aka juya shi zuwa Jamusanci a 1892 kafin masu sinadarai na Turai su san darajarsa sosai. Ga yadda ake aiki da shi. Ka ɗauki canjin entalfi, ka ɗebe daga cikinsa canjin entirofi da aka ninka da darajar zafi. Idan abin da ya rage ya faɗi ƙasa da sifiri, canjin ja'izi ne, yana iya gudana da kansa; idan ya haura sifiri, mustahili ne a wannan hali, kishiyarsa ce ke gudana; idan kuwa sifiri ne cif, an yi kunnen doki. Sharaɗi guda shi ne a ƙidaya daraja da ma'aunin Kelvin, wanda ke farawa daga maƙurar sanyi, wato ka ƙara 273 a kan digirin da ka saba.

Gwada shi da ƙanƙara tukuna, don zuciyarka ta natsu. Giram 18 yana shan jul 6,010 kafin ya narke, entirofinsa kuma yana ƙaruwa da jul 22 ga kowane digiri. Raba 6,010 da 22, za ka sami 273, wato digiri sifiri a ma'aunin yau da kullum, daidai inda kowa ya san ƙanƙara ke narkewa. Ni dai ban san wani lissafi mai gajarta irin wannan da ke nuna hikimar tsarin halitta a fili kamarsa ba.

Yanzu sai babban misali, wanda arzikin garuruwa ya rataya a kansa. A Kalambaina kusa da Sakkwato, da Ashaka a Jihar Gombe, da Malbaza a Jamhuriyar Nijar, ana haƙo dutsen farar ƙasa ana gasa shi don yin siminti. Giram 100 na wannan dutse, idan ya rabu, yana ba da giram 56 na ƙonanniyar farar ƙasa da giram 44 na iskar kabon dayoksaid. Rabuwar tana shan kilojul 178, amma saboda iska ta kuɓuta daga cikin daskararren dutse, entirofi yana ƙaruwa da kimanin jul 160 ga kowane digiri. A digiri 25, wato 298 na Kelvin, ninka 160 da 298 yana ba da kusan kilojul 48. Ɗebe shi daga 178, saura 130 sama da sifiri, shi ya sa dutsen ya kwanta a ƙasa dubban dubban shekaru bai rabu ba. A 1,200 na Kelvin kuwa ninkin ya kai kilojul 192, abin da ya rage ya zama 14 ƙasa da sifiri, sai dutse ya saki iskarsa. Mahaɗar tana wajen 1,110 na Kelvin, kimanin digiri 840, kuma a aikace ana gasawa a wajen 900, kafin a ƙara wuta zuwa kimanin 1,450 don sauran haɗin siminti ya kammala. Babu gwanintar injiniya da za ta sa dutsen nan ya rabu a ɗumin rana na yau da kullum, babu kuma canjin makamashin gasawa da zai hana giram 44 ɗin nan fitowa, domin daga jikin dutsen suke. Wannan ne ya sa sana'ar siminti take cikin masu wuyar gyara a maganar ɗumamar duniya. A darajar zafin gari kuwa hukuncin juyawa yake: ƙonanniyar farar ƙasar da aka jiƙa aka shafa a bango tana shan kabon dayoksaid daga iska sannu a hankali, tana komawa dutsen da ta fito.

Iyakar wannan ilmi

Mizanin Gibbs yana faɗin abin da ya halatta, ba ya faɗin yaushe. Fetur da iska sun cika dukkan sharuɗɗan ƙonewa, amma suna iya zama tare wata da watanni sai tartsatsi ya zo. Lu'ulu'un daimon ma, bisa lissafi, ya kamata ya koma baƙin kabon irin na bakin fensir, sai dai tafiyar tana da jinkirin da ba a ganin ta. Kowane canji yana da tudun da sai an haura shi kafin a gangara, kuma tsawon tudun nan ba ya cikin lissafin da muka yi.

Dubi yadda wannan ya ɗaure masu neman haɗa taki daga iska. Haɗa naitirojin da haidirojin don samun giram 34 na amoniya yana fitar da kilojul 92, amma entirofi yana raguwa da kimanin jul 199 ga kowane digiri, domin ƙwayoyin iska huɗu sun dunƙule sun zama biyu. A sanyi canjin ja'izi ne amma ba ya motsi. A zafi yana sauri amma mizani ya juya masa baya. Fritz Haber ya nuna mafita a 1909, Carl Bosch kuma ya gina masana'anta a Oppau ta Jamus a 1913: aka matse iskar da nauyin da ya ninka na iskar duniya wajen sau 200, abin da ke tura mizani wajen amoniya, aka sa sinadarin ƙarfe mai rage tsawon tudun, a masana'antun yau kuma ana tsayawa a wajen digiri 450, ana kwashe abin da ya samu ana mayar da saura. Daga amoniyar nan ake yin yuriyar da ka dama a bokiti. Kafin zama na gaba, wanda zai yi magana a kan saurin canji da abubuwan da ke gaggauta shi, ka raba 92,000 da 199, ka ɗebe 273 daga abin da ka samu, ka zo wa malaminka da darajar da mizanin amoniya ke juyawa a kanta, tare da bayanin dalilin da ya sa masana'anta ke aiki sama da ita.